YAƘI MAI DAƊEWA DA GUDUN HIJIRA SUNA RAUNANA AIKIN LIKITA A ƘASA DUKA

Dar es Salam unguwa ce cikin birnin Yamai. Sunan na Larabci ne, ma'anarsa gidan zaman lafiya. Unguwar tana nesa da fagen daga. Kasuwarta tana ci, yara suna tafiya lakwal, mata suna zuwa awo. Duk da haka, yaƙin da aka kwashe fiye da shekara 10 ana yi a kan iyakokin Nijar yana taɓa mutanenta. Yana kuma taɓa mutanen ƙauyuka da yawa waɗanda ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba. A gidan likita yake iske su.

An saba ƙirga ɓarnar yaƙi da yawan waɗanda aka harbe. Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. Shi ne na yaron da masassara ta kashe don an rufe likitar garinsu, da na macen da ta rasu wurin haihuwa don motar asibiti ba ta iya zuwa ba. A yaƙin ƙasar Kwango da ya fara a 1998, bincike ya nuna mafi yawan waɗanda suka mutu ba harsashi ya kashe su ba. Masassarar cizon sauro, da zawo, da ciwon huhu, da tamowa suka kashe su. Duka cututtuka ne masu magani, in likita tana aiki.

Yadda aikin likita yake a jere

Aikin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne, kamar tsani. Matakin farko shi ne ɗakin shan magani na ƙauye. Nan ake duba masassara, da zawo, da ƙananan raunuka. Sama da shi akwai gidan likita da ake kira CSI, inda majo yake aiki tare da ungozoma. Nan ake awon mata masu ciki, da karɓar haihuwa, da allurar rigakafi, wadda mutane ke kira lamba. Abin da ya gagari CSI sai a aika shi asibitin gunduma. Daga can sai babban asibitin jiha. A can sama akwai manyan asibitocin ƙasa. Yamai tana da Babban Asibitin Ƙasa, da asibitin Lamorde, da gidan haihuwa na Isaka Gazobi, da babban asibitin Referans. Damagaram da Maraɗi su ma suna da nasu.

Maras lafiya yana hawa tsanin daga ƙasa zuwa sama. Magani kuwa daga sama yake saukowa. Ma'aikatar gwamnati mai saye da rarraba magani, ONPPC, a Yamai take. Daga nan motoci ke kai magani da ruwan allura cikin jihohi, daga jiha zuwa gunduma, daga gunduma zuwa ƙauye. In mataki ɗaya ya karye, nauyinsa sai ya koma kan sauran.

Ina ake yaƙin, kuma tun yaushe?

Wurare uku ne suka fi shan wahala.

Na farko shi ne yamma, jihohin Tilaberi da Tawa. A 2012 yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali. Dubban mutane suka tsallako Nijar, aka sauke su Abala, da Mangaize, da kusa da Ayoru, da arewacin Tawa. Daga baya wutar ta shigo cikin gida. A watan Janairu na 2021 an kashe mutane wajen 100 a Combangu da Zarumdarai, cikin gundumar Walam. A watan Maris na wannan shekara an kashe fiye da 130 a yankin Tiliya. A watan Mayu mutanen Anzuru fiye da dubu 10 suka gudu zuwa birnin Tilaberi.

Na biyu shi ne gabas, jihar Difa. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. A watan Yuni na 2016 aka sake kai ma Boso hari, mutane wajen dubu 50 suka watse. Da yawa sun kafa bukkoki a bakin babbar hanyar kwalta, inda babu rijiya, babu likita.

Na uku shi ne kudancin Maraɗi. Tun 2019 mutanen Sakkwato, da Zamfara, da Katsina ke tsallakowa saboda ƴan bindiga masu satar shanu da mutane. Gundumar Gidan Rumji ta fi karɓar su. An sauke wasu a Ɗan Daji Makau, da Garin Kaka, da Cadakori.

A shekarar 2024, ƴan Nijar da suka bar garuruwansu suka koma wani wuri cikin ƙasa sun kai wajen rabin miliyan. Baƙin da suka zo daga ƙasashen maƙwabta su ma sun kai wajen dubu 400.

Likita ta rufe, ma'aikaci ya tafi

Gidan likita yana da abubuwan da ƴan bindiga ke so: magani, da mota, da moto, da farantin wutar rana. Shi ya sa sukan fasa shi. Wani lokaci su ƙona shi. Ko ba su taɓa ginin ba, in sun yi ma majo kashedi, dole ya kwashe iyalinsa ya tafi. Gidajen likita da dama a jihohin Difa da Tilaberi sun rufe ta haka, wasu na watanni, wasu na shekaru.

Jihar Borno a Najeriya ta nuna iyakar wannan ɓarna. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga gidajen likita 743 a jihar. Cikin kowane 100, an rushe 35 ƙurmus, an lalata 29. Kashi ɗaya cikin uku kaɗai suka tsira. A 2018 an sace ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj a garin Rann, daga baya aka kashe su. Bayan irin wannan labari, samun wanda zai yarda a tura shi aiki daji yana wuya.

Gini ana iya maida shi cikin shekara ɗaya. Ma'aikaci ya fi gini wuyar samu. Ungozoma tana shekara 3 tana karatu bayan ta gama makarantar sakandare. Lokotoro yana shekara 7 ko fiye a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Tun kafin yaƙi lokotoro ya yi ma Nijar kaɗan, kuma mafi yawansu cikin birane suke. Yaƙi yana ƙara tura su birni. Ƙauyen da ya fi bukatar likita shi ne ke fara rasa shi.

Hanya ta yanke

Ko likita tana buɗe, sai da hanya take aiki. In an dasa nakiya a kan hanya, motar magani ba ta bi. Ruwan allurar rigakafi yana son sanyi kullum, daga Yamai har hannun yaro. In firijo ya mutu, ko aka sace farantin wutarsa, allurar ta lalace, ko an yi ta ba ta da amfani.

Matakan tsaro su ma suna da nauyinsu. A 2015 hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, ta hana hawan moto, ta hana fita da dare, don ƴan bindiga da moto suke kai hari. A farkon 2020 aka hana moto a wurare da yawa na jihar Tilaberi. An yi haka don kare jama'a. Amma a ƙauye moto shi ne motar asibiti. Naƙuda kuwa ba ta duba agogo. Macen da jini ya ɓalle ma bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2. In likita tana nesa, ga amalanke kaɗai, ga dare, da wuya a kai ta da rai.

Inda masu gudu suka sauka

Wanda ya gudu ba ya ɗaukar rumbunsa, ba ya ɗaukar rijiyarsa. Yana isowa da gajiya da yunwa, da yara da tsofaffi. Garin da ya karɓe shi yana da CSI ɗaya, wadda aka gina don mutanen garin. Cikin mako guda masu zuwa likita su ninka. Majo ɗaya ne, ungozoma ɗaya ce. Maganin da aka auna na wata 3 ya ƙare kafin lokaci. Ɗan gari ya zo ya iske layi, ya iske kantin magani wayam. Daga nan gunaguni ke farawa tsakanin baƙo da mai masauki, alhali su biyun abu ɗaya ya same su.

Babban haɗari a wurin saukar baƙi shi ne ruwa. Mutane sun yi yawa, salga ta yi kaɗan, kashi yana shiga ruwan sha. A watan Afrilu na 2017 an tabbatar da ɓullar wani ciwon hanta a jihar Difa, wanda ake ɗauka ta ƙazamin ruwa. Alamarsa ido ya yi ɗorawa, jiki ya mutu, fitsari ya yi duhu. Ya kama fiye da mutum 1000, ya kashe fiye da 30. Mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Ciwon zawo da amai, wato kwalara, shi ma ta wannan ƙofa yake shiga.

Sai kuma tamowa. Manomin da ya gudu bai yi shuka ba. Makiyayin da aka kore ma dabbobi ba shi da nono. Yaron da ya rame, ƙaramar cuta ma tana kada shi. Cuta ta ƙara rama, rama ta ƙara cuta.

Cututtukan da aka kora suna dawowa

Rigakafi aiki ne na kowace shekara, don kullum ana haihuwa. In aka yi shekara 2 ko 3 ma'aikatan lamba ba su shiga wani yanki ba, yara marasa rigakafi sun taru ke nan. Ƙyanda tana da saurin yaɗuwa. Yaro ɗaya yana iya shafa ma fiye da 10. Ba ta tsayawa sai yara wajen 95 cikin 100 sun samu allura.

Shan-inna ya ba da misali. Najeriya ta yi shekara 2 ba a ga asalin ƙwayar cutar ba. A watan Agusta na 2016 sai ga ta ga yara a jihar Borno. Ashe tana nan ɓoye a yankunan da yaƙi ya hana masu ɗiga magani shiga. Dole ƙasashen da ke kewaye da tafkin Cadi, har da Nijar, suka sake bi gida-gida suna ɗiga ma miliyoyin yara. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. A Siriya ma haka aka yi. An rabu da shan-inna tun 1999, yaƙi ya maido shi a 2013.

Cuta ba ta nuna takarda a bakin iyaka. Wadda ta tashi a yankin da babu likita tana shiga motar kasuwa, gobe ta kwana Yamai ko Maraɗi. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Masu doguwar cuta

Akwai marasa lafiya da ba a cika tunawa da su ba lokacin gudu. Mai tarin huka yana shan magani wata 6 ba fashi. In ya tsaya a tsakiya, tarin yana iya dawowa da ƙarfin da maganin farko ba ya jin sa, kuma ya shafa ma na kusa da shi. Mai sida, da mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mai farfaɗiya, duk maganinsu na kullum ne. Ranar gudu takardar likita ta ɓace, maganin ya ƙare, a sabon wuri ba wanda ya san tarihin ciwon.

Akwai kuma raunin da ba a gani. Wanda aka kashe ma ɗa ko miji a gabansa yakan kasa barci, yakan firgita, yakan bar magana. Wannan ma ciwo ne, kuma ana taimakon mai shi a likita. Masu wannan aiki sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar.

Rumbu ɗaya ake ɗiba

Kuɗin gwamnati kamar rumbun gida ne. Abin da aka ɗiba don wani aiki ya ragu ga wani. Tun 2015 kuɗin da Nijar ke kashewa wajen tsaro ya ƙaru sosai, kuma ba makawa, don kare rayuka tilas ne. Yankin da ake yaƙi kuma ba ya noma, ba ya ciniki yadda ya saba, harajin da ke shiga rumbun sai ya ragu. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Nijar ba ta kai nan ba, kamar mafi yawan ƙasashen Afirka.

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke ma iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Likita tana duba yaro kyauta, daga baya gwamnati ta biya ta. In biyan ya yi jinkiri, likita ta rasa kuɗin sayen sabon magani. Uwa ta zo da yaronta, a rubuta mata takarda ta tafi ta saya.

Ƙungiyoyin agaji na waje suna taimako a wuraren gudun hijira, amma kuɗinsu ba shi da tabbas. A 2025 Amurka ta rage agajin da take ba duniya ƙwarai, ayyukan kiwon lafiya da yawa a Afirka suka tsaya.

Nijar ba ta da teku, kuma mafi yawan maganinta daga waje ake kawo shi. A ƙarshen Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, kayan magani suka maƙale a hanyar Kwatano. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. A wannan shekarar kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayarin motoci da rakiyar soji, don hanyar ta ratsa yankin yaƙi. Hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, mai sayen magani shi ke biya.

Yadda abin ke isowa Dar es Salam

Torodi ba ta wuce kilomita 60 daga Yamai ba. Walam da Tilaberi kilomita 100 ne ko ɗan fiye. Mutanen waɗannan yankuna da suka bar gida, da yawa Yamai suke nufa, su sauka gidajen dangi cikin unguwanni. Ba sansani suke shiga ba, shi ya sa ba a cika ganin su cikin lissafi ba. A likitar unguwa ake ganin su, ranar awo da ranar lamba.

Waɗanda aka raunata a fagen daga, soji da farar hula, manyan asibitocin Yamai ake kawo su. Waɗanda likitar garinsu ta rufe su ma can suke ƙarewa, bayan ciwo ya ci jikinsu. Gadon asibiti, da ɗakin tiyata, da jinin da aka ajiye, duk tare ake amfani da su. Jinin da aka ƙara ma mai rauni daga ma'ajiya ɗaya ya fito da wanda mai haihuwar Dar es Salam ke jira. Da damina, lokacin da masassara ke shanye jinin yara, bukatar takan fi abin da ke akwai.

Abin da ake yi

Dokar duniya ta hana taɓa asibiti. Yarjejeniyar Janeba ta 1949, wadda Nijar ke ciki, ta ce a kare mai rauni, da maras lafiya, da mai yi musu magani, ko daga wane ɓangare suke. A watan Mayu na 2016 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙarfafa wannan da ƙuduri mai lamba 2286. A watan Disamba na 2018 Nijar ta yi dokar kare waɗanda suka yi gudun hijira cikin ƙasarsu. Ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi irin wannan doka bisa yarjejeniyar Kampala.

A jihar Tilaberi, daga ƙarshen 2019, an bar tsarin sansani, aka zaunar da baƙin Mali cikin garuruwan Abala, da Ayoru, da Walam. Amfanin haka shi ne taimakon da ya zo yana shiga likitar gari, baƙo da ɗan gari su amfana tare. Inda likita ta rufe, akan aika ma'aikata da mota su yi kwana ɗaya ko biyu, su yi awo da lamba su koma. A watan Yuni na 2021 gwamnati ta fara maida mutanen jihar Difa garuruwansu, aka fara da Barwa. Komawa ba ta ɗorewa sai an maido ruwa, da lakwal, da likita. A watan Satumba na 2024 kuma an rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati da rabi, aka maida haihuwa kyauta.

Abin da jama'a za su iya yi

Mutumin ƙauye ba shi ke tsaida yaƙi ba. Amma akwai aikin da ke hannunsa.

A kai kowane jariri lamba: ranar haihuwa, sannan a mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da ta ƙarshe cikin shekararsa ta biyu. Kar a jira sai cuta ta shigo gari.

A ajiye katin rigakafi da takardun likita cikin leda, wuri ɗaya da takardun haihuwa. In tashi ya kama, su ne abin ɗauka na farko. Wanda ya iya karatu ya duba katunan gidansu da na maƙwabta, ya tuna musu ranar komawa.

In baƙi sun sauka gari, mai gari ya sanar da majo tun ranar farko: mutum nawa ne, yara nawa, masu ciki nawa, wa ke shan maganin kullum. Da wannan lissafi majo ke neman ƙarin magani daga gunduma. A nuna ma baƙi hanyar likita. Yaron baƙo da aka yi ma lamba kariya ne ga yaron gida.

A haƙa salga nesa da rijiya. A tafasa ruwan sha ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. A wanke hannu da sabulu bayan an zaga da kafin cin abinci. Wanda idonsa ya yi ɗorawa, ko zawo da amai suka kama shi, a kai shi likita nan take.

Mace mai ciki ta je awo aƙalla sau 4. In hanyar garinsu ba ta da tabbas, ta koma gidan dangi kusa da likita tun cikin watanta na ƙarshe. Mazan gari su shirya tun da wuri wa zai ɗauke ta, da me, da kuɗin mai.

Iyaye mata su koyi awon dantsen yaro da igiyar awo mai launi uku. Kore lafiya lau. Ɗorawa a kai shi a duba. Ja a kai shi yau. Da damina a karɓi maganin rigakafin masassara da ake raba ma yara kowane wata, a kwana cikin gidan sauro.

Baligi mai lafiya wanda ya kai kilo 50 yana iya ba da jini. Jikinsa zai maida abin da aka ɗiba cikin ƴan makonni.

Kwamitin kula da likita na gari ya tsare kayan likita kamar yadda ake tsare rumbun tsimi. A girmama majo da ungozoma, a ba su masauki, a faɗa musu in an ji wani motsi. Ma'aikacin da ya ga gari yana tare da shi ya fi daɗewa a wurin aikinsa, kuma garin da likitarsa ke buɗe mutanensa sun fi jure wahala har Allah ya kawo zaman lafiya.